Yadda Na Yi Wa Tankar Jamus Yaɓe

Tsarabar ba tawa ba ce, gara in faɗi wannan tun da wuri. Ƙanena ne ya dawo daga karatu a waje, ya kawo wa ɗana, ɗan shekara tara, wani kwali mai hoton tankar yaƙi a jiki. Yaro ya yage leda da rawar jiki, yana tsammanin motar wasa ce mai batir. Sai ya tarar da ƙananan robobi sun fi ɗari, kowace maƙale a jikin 'yar'uwarta, ga wata doguwar takarda mai zane-zane da rubutun Japananci. Ya dubi kwalin, ya dubi ƙanen nawa.

"Baffa, a hanya ta farfashe?"

Na ce kawo in taya ka. Wannan "taya ka" ita ce maganar ƙarshe da yaron ya ji kafin kwalin ya koma ɗakina, can saman sif, inda hannunsa ba ya kai wa.

Tankar ita ce wadda ake kira Tiger, ta Jamusawa, ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Ta ainihin nauyinta ya kai tan 57, mutum biyar ke shiga cikinta, faɗin bakin bindigarta milimita 88, ƙarfen gabanta kuwa kaurinsa milimita 100. Kamfanin Henschel ne ya ƙera su a garin Kassel, guda wajen 1,350, daga 1942 zuwa 1944. Tawa an rage girmanta sau 35, don haka har da bindigar santimita 24 ce, ba ta kai silifas ɗina tsawo ba. Mako uku na yi ina haɗa ta, kullum bayan sallar isha'i, da fitilar caji da hantsaki da reza. Tayoyinta 32 na bi ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace ina shafa wa gefensu baƙin fenti, don su fito kamar roba. Da na gama, na matsar da kofunan gilashin uwargida gefe, na ɗora ta a tsakiyar kwabar falo. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji tarihinta kafin a kawo masa ruwa.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya.

Wani dare barci ya ƙi zuwa, na shiga kallon tsofaffin hotunan yaƙi a waya. Na ƙara girman wani hoto, sai na ga jikin tankar ba sumul yake ba. Kunya-kunya ne a jikinta, ƙanana, a jere, kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na duba wani hoton, haka. Na tashi da ɗan gajeren wando na je falo na haska tawa. Sumul take, tana sheƙi kamar sanƙona.

Kafin asuba na zama malami a kan wannan abu. Sunansa Zimmerit. Wani irin yaɓe ne da Jamusawa suka riƙa yi wa tankokinsu tun daga masana'anta, daga rabin ƙarshe na 1943 zuwa Satumban 1944. Dalilinsa shi ne su da kansu sun ƙera wata nakiya mai mayen ƙarfe uku a gindi, wadda soja zai ruga da gudu ya manna wa tankar abokan gaba, ya ja zare, ya nemi wurin ɓuya. Sai tsoro ya kama su kada a yi musu irin abin da suke yi wa mutane. Suka ce to, bari mu yaɓe jikin ƙarfen, yadda mayen ƙarfe ba zai samu wurin kamawa ba. Kunyoyin kuwa dabara ce ta ƙara tazara tsakanin nakiyar da ƙarfen ba tare da an labta wa tankar nauyi ba.

Abin da ya ƙarasa kashe ni shi ne tayoyi. Tiger ta farko-farko tayoyinta 24 ne a kowane gefe, masu roba a baki. Daga Fabrairun 1944 aka koma masu ƙarfe a baki, aka cire layin waje, suka koma 16 a kowane gefe. Na ƙirga nawa: 16 nan, 16 can. Ma'ana tankata 'yar 1944 ce, kuma tunda an daina ƙera Tiger a watan Agustan shekarar, kafin a hana yaɓen, duk mai irin waɗannan tayoyi da yaɓenta ta fito daga masana'anta. Sannan baƙin fentin nan da na ɓata dare huɗu ina shafawa da tsinke, robar da babu ita na yi ta zanawa.

Na kira ƙanena da sassafe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ai akwai marasa yaɓen. Wadda Turawan Ingila suka kama a Tunisiya a 1943, mai lamba 131, wadda ke gidan tarihi na Bovington, har yanzu ana tayar da ita, ai sumul take. Ka ce ita ce mana."

Na ce tayoyin fa?

Ya ce, "Don Allah Yaya, duk faɗin unguwar nan wa zai durƙusa ya ƙirga tayoyin?"

Na ce ni na ƙirga. Ya yi shiru, sannan ya ce katinsa ya kusa ƙarewa, alhali ni na kira.

Tunda gaskiyar tarihi nake nema, na ƙudura zan haɗa yaɓen yadda masu shi suka haɗa. Kashi 40 cikin ɗari wata farar hoda ce, irin wadda ake dama wa mara lafiya ya sha kafin a ɗauki hoton cikinsa a asibiti. Wannan na maye gurbinta da allin makaranta, domin ban ga ta inda zan fara yi wa likita bayani ba. Kashi 25 gam ne ɗan'uwan farin gam ɗin kafintoci, wannan ba wuya. Akwai launin ƙasa, akwai wani sinadarin, sai kuma kashi 10 na garin katako. Garin katako! Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe abin ma na gida ne.

Ranar Asabar na hau babur sai 'Yan Katako. Na samu wani dattijo a bakin injin yanka, muka gaisa, na ce garin katako nake so.

"Buhu nawa, Alhaji?"

"Kamar cokali biyu."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Haɗin magani ne?"

"A'a, tankar yaƙi zan yi wa yaɓe."

Bai sake cewa komai ba. Ya ɗebo mini cikin leda, na miƙa kuɗi ya ƙi karɓa. Har na tayar da babur na ji ya ce a hankali, "Allah ya ba da lafiya."

Garin ya yi tsakuwa-tsakuwa, dole a tankaɗe. Rariya ɗaya ce a gidan, kuma na san inda ake rataye ta. Na jira uwargida ta shiga maƙwabta barka, na yi aikina cikin minti uku, na kakkaɓe, na hure, na mayar da ita daidai yadda na same ta. Ni a ganina ko ɗan sandan ciki ba zai gane ba. Da dare aka kawo tuwon masara miyar kuka. Yaro ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ɗaga kai.

"Umma, tuwon yau ƙamshin bencin makarantarmu yake."

Uwargida ba ta dubi yaron ba. Ni ta duba. Na ce wallahi masu niƙan nan sai a hankali. Ta ce, "Haka ne, Malam. Su ne ma suka bar garin katako a wuyan rigarka." Washegari na sayo sabuwar rariya, ta karɓa ba godiya, ta ce tsohuwar in riƙe, tunda na fi ta sanin amfaninta.

Kuma duk wannan abin kunya a banza ya tafi. Na kwaɓa haɗin, na shafa wa tankar, ta fito kamar an tsoma ta a ƙullun ƙosai. Lissafin da ya kamata in yi tun farko sai a lokacin ya zo mini. Yaɓen ainihi kaurinsa wajen milimita 6 ne. Raba shi gida 35, bai kai kaurin takarda biyu ba. Ƙwayar garin katakona kuwa, ko bayan tankaɗe, in ka ninka ta sau 35 ta kusa girman goro. Wato na yi wa tankar Jamus yaɓe da goro. Sa'ar da na ci ita ce farin gam yana jin ruwan ɗumi. Na wanke ta a bahon wankan yara, yaɓen ya fita, lambobin da na manna a jikinta su ma suka bi ruwa, ina kallon gicciyen sojan Jamus yana iyo zuwa magudana.

Zagaye na biyu na ajiye girman kai na tafi garejin da nake kai mota. Fanalbita ya ɗebo mini filar da suke cike lotsewar mota da ita a cikin gwangwanin madara, ya matso mini wani jan abu a takarda. Ya ce, "Oga, ka ji da kyau. Da zarar ka zuba jan nan, minti biyar gare ka. A zafin nan ma ban ce biyar ɗin za ta cika ba." Watan Afrilu ne, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na ce na ji.

Saura abin zana kunyoyin. Na karanta cewa da wani abu mai haƙora kamar mataji ake jan su, to amma matajin gidanmu duk haƙoransu wara-wara ne, in na ja da su tankar za ta koma gonar rogo. Mataji mai ƙananan haƙora matse da juna iri ɗaya na sani a duniya. Na shiga kasuwa, na rage murya, na tambayi mai kayan koli matajin kwarkwata.

"Na yara ne?"

Maimakon in ce e in huta, sai gaskiya ta kama ni. "Nawa ne."

Ya ɗaga ido ya dubi kaina. Na cire hula saboda zafi, rana na haska sanƙon nan tas, ko silin gashi babu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe mini matajin a takarda ya ce, "Ikon Allah."

Na dawo gida, na shimfiɗa jarida a zaure, na zuba jan abu a cikin fila, na juya, na shafa a gefen kan tankar, wato ɓangaren nan mai juyawa da bindiga. Na dafa mataji na fara ja. Wallahi kunyoyin farko da suka fito sai da na ji ƙwalla. Kamar hoton. Ina tsakiyar ja na biyu sai na ji sallama a ƙofa.

Maƙwabcinmu ne, dattijo, ya kawo katin ɗaurin auren 'yarsa. To, kai ma ka san ba a karɓar katin dattijo ta saman kafaɗa. Na bar matajin a inda yake, na fita. Ina wuni. Ina gajiya. Ya iyali. Ya yara. Ya zafi. Ya aiki. Ya muka ji da rasuwar wane. Ya mai jiki a ƙauye. Ina amsawa ina ƙirga daƙiƙa a zuci, shi kuwa kamar ranar aka halicci gaisuwa. Da ya juya zai tafi na ce alhamdu lillahi, sai ya waiwayo ya ce, "Af, ya zafi kuma?"

Na dawo na tarar da mataji ya zama ɗan gida. Ya kafe a jikin tankar, tsaye ƙiƙam kamar tutar jam'iyya. Na ja, tankar ta taso gaba ɗaya. Na murɗa, na ji wani "ƙas" wanda har yau in na tuna sai cikina ya juya. Da zarton ƙarfe na raba su, haƙora goma sha wani abu suka zauna a jikin tankar, sauran matajin na jefa a kwandon shara.

A nan uwargida ta tsince shi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta tara yaran gidan a tsakar gida, ta tsefe kitson 'yan matan biyu wanda aka yi shekaranjiya, ta bi kan kowa da man kwarkwata, ta wanke zannuwan gado da ruwan zafi. Ina ɗaki ina jin kukansu, ina auna wanne ya fi sauƙi, in fito in faɗi gaskiya ko in bari guguwar ta wuce. Na bari ta wuce. Allah ya yafe mini. Gaskiyar ta fito bayan kwana biyu, kuma kuɗin sabon kitso da na lalle daga aljihuna suka fita.

A makon ne Baba magini ya zo gyaran tsohuwar katangarmu ta ƙasa kafin damina. Tsoho ne da ya yi wa mahaifina aiki, irin waɗanda har yanzu suke jiƙa makuba su shafe bango don kada ruwa ya ci shi. Ya same ni a zaure ina goge ɓarnata da samfefa, fuska duk ƙura. Ya tsuguna, ya karɓi tankar da hannunsa mai taɓo, ya jujjuya ta.

"Ɗan nan, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Na ce ni ne, Baba. Na nuna masa hoton ainihin a waya. Ya miƙar da hannu can nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Ai wannan yaɓe ne. Kuma mai hannu ne ya yi shi." Ya miƙo mini wayar. "Kai kuskurenka uku. Ka labta da kauri. Ka kama bango gaba ɗaya lokaci guda. Sannan ka zana shi yana ɗanye sharaf. Yaɓe shafa shi ake yi siriri, taki ɗaya, a bar shi ya sha iska, ba ɗanye ba, ba busasshe ba. In ka taɓa bai biyo yatsanka ba, to lokacin zane ya yi."

Ya aiki yaronsa ya sayo irin gam ɗin nan mai kala biyu da ake murzawa kamar cingam a liƙe tankin ruwa. Ya karya ɗan guntun zarton ƙarfena, tsawon gaɓar yatsa. Ya gutsuri gam kamar ƙwayar gero uku, ya murza, ya shafa da babban yatsa har sai da launin robar ya fara nunawa ta ƙasa. Ya jira. Ya tsoma guntun zarton a ruwan buta, ya dafa, ya ja kaɗan, ya ɗaga, ya dafa, ya ja kaɗan, ya ɗaga. Layi-layi, kowane da ɗan karkacewarsa, yadda aikin hannu yake. Mutumin da bai taɓa jin sunan Kassel ba, cikin minti goma ya fitar da abin da na yi mako biyu ina haukan nema.

Na ɗauko gam zan shafa a saman tankar, ya riƙe hannuna. "Duba hotonka. Rufin ba yaɓe." Na duba, haka ne kuwa. Gefe-gefe da gaba da baya kawai ake yi wa, inda hannun soja zai kai. Ni da na kwana uku ina karatu ban lura ba.

Yana wanke hannu ya tambaye ni amfanin abin. Na zayyana masa labarin nakiya mai mayen ƙarfe. Ya ce to, abokan gaban nasu suna da irin nakiyar? Na ce gaskiya Rasha da Ingila da Amurka ba su zo musu da ita a fagen daga yadda suka ji tsoro ba. Ya ce to me ya sa suka daina? Na ce jita-jita ce ta bazu cewa in harsashi ya bugi yaɓen yana kamawa da wuta. An gwada an ga ba haka ba ne, amma tunda busar da shi na cinye kwanaki a masana'anta, ba a koma ba.

Baba ya girgiza kai. "Kenan Bature ya shekara yana yaɓe saboda tsoron abin da ke aljihunsa, ya kuma daina saboda tsegumi." Ya ɗauki cebur ɗinsa ya koma katanga.

Kwana shida na yi ina bin koyarwar Baba, taki-taki. Tankar ta yi kyau, kyau na gaske. A nan ne shaiɗan ya tuna mini cewa Jamusawa da harshen wuta suke ƙarasa busar da nasu. Gam ɗina ya riga ya bushe, ba ya bukatar komai. Amma tarihi tarihi ne. Uwargida ta sauke tukunya, garwashi na nan jajir a kurfoti, na kawo tankar kusa, na ce ɗan ɗumi kawai za ta ji. Na juya gefen hagu. Na juya gefen dama. Ina sha'awar kunyoyin, ban kula da gaba ba. Da na ɗago, bindigar nan mai milimita 88, wadda sojojin duniya ke jin sunanta su yi tsit, ta sunkuyar da kai ƙasa kamar ango a gaban surukai.

Na yi ƙoƙarin miƙar da ita tana da ɗumi, ta koma kamar ƙugiya.

Ba zan ja ku da nisa ba. Bututun bindigar Tiger hawa-hawa yake, kauri a gindi, siriri a gaba. Eriyar rediyo ma haka take. Rediyon da ke gidan kuwa ɗaya ne, na kicin, wanda uwargida ke jin labaran safe da shi. Gaɓa biyu kawai na yanka daga sama, na liƙa kan tsohuwar bindigar a baki, na shafa fenti. Har yanzu tana cewa tashoshin nan sun rage ƙarfi, ni kuma ina taya ta mamaki. In ta karanta wannan, to Hajiya, sabo na nan tafe ƙarshen wata.

Na kankare baƙin fentin tayoyi 32. Na fesa mata ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, launin da Jamusawa suka koma yi wa tankokinsu daga Fabrairun 1943, na bi da ratsin kore da ja-ja. Gicciyen da ya bi ruwa na zana shi da hannu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na mayar da ita kwaba, na kira mai tsarabar na ainihi, wanda rabonsa da taɓa ta tun ranar da aka buɗe kwali.

Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan: nakiya, mayen ƙarfe, yaɓe, kunyoyi. Ya saurara da kyau. Sai ya fita da gudu, ya dawo da wani baƙin mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika.

"Abba, in gwada?"

Na ce gwada. Ya manna a gefen tankar, ya saki. Mayen ƙarfe ya faɗo ƙasa, tim. Ya sake mannawa a gaba, ya sake faɗowa. Wani irin daɗi ya tsarga mini tun daga ƙafa har sanƙo. Na ƙwala wa uwargida kira, na ce zo ki gani da idonki, ke da kike cewa ɓata lokaci nake yi. Ta fito da ludayi a hannu. Na ce sake yi, ɗana. Ya sake, ya faɗo.

"Kin gani? Ya ƙi kamawa! Yaɓen ya yi aiki!"

Yaron ya tsuguna ya ɗauki mayen ƙarfensa, ya goge shi a riga.

"Abba, ai roba ce. Tun ranar da Baffa ya kawo ta na gwada, ba ya kamawa."

Ya kai shi kusa da bindigar, eriyar ta ɗan motsa, fentin bakin ya ɓantare, farin ƙarfe ya leƙo. Uwargida ta matso, ta sunkuya, ta ƙura wa bindigar ido.

"Malam," ta ce, "wannan abin kamar na san shi."